Ku Tambayi Gwaggo: Baƙina sun gudo daga yaƙi, wace ƙofa zan ƙwanƙwasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Gwaggo, ya jiki, ya iyali? Ni mai sayar da koko da ƙosai ce a Aboabo, nan Kumasi. Tun kafin azumin da ya wuce wata mata ta sauka a gidanmu da 'ya'yanta huɗu da uwar mijinta. Daga wani ƙauye suke a Burkina Faso, wajen Bitu. 'Yan bindiga suka shigo musu da dare, suka kashe maza, suka kora dabbobi, mijinta har yau ba a san ko yana raye ba. Marigayi mahaifina shi ne mai masaukin mahaifinta a lokacin da yake kawo shanu Kumasi, shi ya sa ta nemo gidanmu. Na ba su ɗaki, abin da muka ci shi suke ci. Amma Gwaggo, kaya sun yi mini nauyi. Na je wani ofis aka ce ba nan ba ne, na je wani aka ce sai babban birni Ankara (Accra), wani kuma ya ce in mayar da su arewa inda ake rajista. Maƙwabta suna ce mini in rufa musu asiri, kada in kai su ko'ina, don kada a kama su a mayar. Kullum a rediyo sai an ambaci hukumomin agaji, wannan da waccan. Shin ba sa magana da junansu ne? Wa ke da alhakin mutanen nan?

*'Yarki, daga Aboabo*

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya yi miki albarka, Ya jiƙan mahaifinki da ya bar miki gidan da baƙo ke nemowa tun daga wata ƙasa.

Hukumomin suna magana da juna. Na zauna a irin zaman da suke yi lokacin da nake aikin jinya a sansanin 'yan gudun hijira na Buduburam, gaba da Kasoa, kuma har a rubuce suka raba aiki. Abin da ya sa ake ta tura ki nan da can shi ne baƙinki ba su shiga littafin da dukkan hukumomin ke dubawa ba. Ki tuna yadda muke girkin biki a Zango. Wata tana kan shinkafa, wata tana kan nama, wata tana raba kwanuka, amma duk idonsu yana kan uwar biki, don ita ta san gidajen da za a kai wa. Gidan da ba ta lissafa ba, ko tukwane sun cika sun batse, kwano ba zai je can ba. A wannan sha'ani mai lissafin ita ce Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Gana.

Mutane da yawa sun ɗauka Majalisar Ɗinkin Duniya ce ke cewa wane ɗan gudun hijira ne, wane ba shi ba ne. A ƙasar nan gwamnati ce ke yanke wannan hukunci. Dokar 'yan gudun hijira ta 1992, mai lamba 305D, ita ta kafa hukumar, tana kuma ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida. Dokar ta ce wanda ya shigo, ko ta ƙofa ko ta bayan gari, ya nemi mafaka cikin kwana 14, ta hannun jami'in shige da fice, ko ɗan sanda, ko ofishin UNHCR, wato hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira. Kada kwana 14 ɗin nan su tsorata ki. Dokar da kanta ta ba hukumar ikon ƙara wa'adi, kuma matar da ta taso da yara huɗu da tsohuwa daga bakin bindiga tana da hujjar jinkiri. Wannan dokar ce kuma ta hana a mayar da mai neman mafaka inda ransa ke cikin haɗari. Sannan Gana tana cikin yarjejeniyar 'yan gudun hijira da ƙasashen Afirka suka ƙulla a Addis Ababa a 1969, wadda ta fi ta Janeba ta 1951 faɗi: ba sai baƙuwarki ta nuna cewa ita ce ake farauta da sunanta ba, ya isa a ce rikici ya tarwatsa zaman lafiyar yankinsu har ya kore ta.

Maganar maƙwabtanki ba zan raina ta ba, don ruwa ba ya tsami banza. A watan Yulin 2023 an ji labarin 'yan Burkina, yawancinsu Fulani mata da yara, da aka kwashe daga arewacin ƙasar nan aka tsallakar da su iyaka, har UNHCR ta fito fili ta nemi a daina. Mu kuma mutanen Zango muna da tsohon tabo. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar ƙasa. Ina yarinya a Nima na ga lorori cike da mutanen da aka haifa a layinmu, an sayar da gidaje da shaguna a kan kuɗin da bai kai ya kawo ba. Wanda ya ga wannan, ko iyayensa suka ba shi labari, in ya ji kalmar rajista dole gabansa ya faɗi. To amma ki duba wa aka fi saurin ɗorawa a mota, a da da yanzu: wanda ba shi da komai a hannu. Matar da ke riƙe da takardar mai neman mafaka tana da hukumar da za a kira a kanta, tana da lamba a littafi, in ta ɓace za a tambaya. Wadda aka ɓoye a ɗaki, in aka zo da tsakar dare, ke kaɗai ce za ki yi kuka. Kada kuma wani ya kwantar miki da hankali da kwana 90 da 'yan ƙasashen ECOWAS ke da shi ba biza. Kwanakin sun shige tuni, Burkina kuma ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025.

Idan suna ya shiga littafi, sai sauran su motsa, kowa da ɓangarensa. UNHCR tana tsaya wa kariya da matsuguni, ita ke tara sauran a teburi ɗaya tare da hukumar gwamnati. Abinci na WFP ne, hukumar abinci ta duniya, kuma akwai yarjejeniya tsakaninsu cewa idan 'yan gudun hijira a ƙasa suka kai 5,000 WFP ce ke ɗaukar ciyarwa; a wurare da dama yanzu kuɗi ake turawa ta waya maimakon buhu. UNICEF, hukumar yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tana kan ruwa da rigakafi da yara. NADMO, hukumarmu ta agajin gaggawa, takan zama cikin na farko da ke isa da tabarmi da bokiti. Asibiti da makaranta kuwa na hukumomin lafiya da ilimi na Gana ne, don an gane gina wa baƙi nasu daban yana haifar da ƙyashi tsakaninsu da 'yan gari, kuma ranar da kuɗin waje ya ƙare sai a rufe.

Ba don son yawan ofis aka raba aikin haka ba, wahala ce ta koyar. Buduburam an buɗe shi a 1990, bayan yaƙin Laberiya ya ɓarke a ƙarshen 1989. A shekarun farko na ga ranar da ƙungiyoyi biyu suka kawo barguna layi ɗaya, kowacce ba ta san da 'yar'uwarta ba, alhali masai sun cika ba wanda ya ɗauki nauyin kwashewa. Yaran da ake kawo mini ba sanyi ke kwantar da su ba, gudawa ce. Abin da ya faru a Goma, wani gari a gabashin Kwango, ya fi wannan muni nesa. A watan Yulin 1994, bayan kisan kiyashin Ruwanda, dubban ɗaruruwan mutane suka kwarara garin cikin 'yan kwanaki, ƙungiyoyin agaji suka cika wurin, amma amai da gudawa ya kashe dubun-dubatar mutane cikin wata guda saboda rashin ruwa mai tsabta. Bayan wannan ne manyan ƙungiyoyi suka zauna a 1997 suka fara tsara ma'auni ɗaya da kowa zai bi: aƙalla lita 15 na ruwa ga mutum a rana, masai ɗaya kada ya wuce mutum 20, abinci mai ƙarfin kalori 2,100. Wanda bai taɓa wanke gawar yaro a sansani ba zai ga lambobi ne kawai. Ni na san kowace ɗaya da rai aka saye ta.

Yanzu ga inda tsarin ya gaza miki, kuma gara ki ji daga bakina. An gina shi ne a kan sansani. 'Yan Burkina an tanadar musu Tarikom a gundumar Bawku ta Yamma, kusa da Zebilla, da Zini a yankin Sisala, kuma can ne tanti da rabon abinci suke zuwa. Wanda ya zaɓi zaman gari, abin da ya fi samu shi ne takarda, da hanyar yin katin inshorar lafiya, da makaranta ga yara. Kada ki sa rai mota za ta tsaya a ƙofar gidanki da buhun shinkafa. Kuɗin hukumomin ma ya ja baya ƙwarai tun da Amurka ta datse tallafinta na waje a 2025. Saboda haka ki zaunar da baƙuwarki da uwar mijinta, ki faɗa musu yadda abin yake, su zaɓa da kansu: arewa kusa da gida inda akwai rabo, ko Kumasi inda akwai ke da kasuwa. Ba kaya ba ne da za a ce a ajiye su nan ko can.

Abin da ya daɗe yana ci mini rai shi ne, a duk zaman da na halarta ban taɓa ganin kujerar mai masauki ba. Ana zama a ofis, ana Turanci, ana zana taswira, alhali tun zamanin fataken goro mu ne muke sauke baƙo kafin kowace hukuma ta ji labarinsa. Matar nan ba ofis ta nema ba da ta tsallako, gidan mahaifinki ta nema. Irinki suna da yawa a Aboabo, da Asawase, da Sawaba, da Nima, da Ashaiman, kuma ba wanda ya ƙirga su, don haka ba wanda ya yi kasafi da su. Laifin ba na hukumomi kaɗai ba ne. Mu ma muna ɓoyewa, sannan mu ce an manta da mu. Ina roƙon sarakunan Zango da limamai da magajiyoyinmu su nemi wannan kujera da kansu, su je da sunayen gidajen da ke riƙe da baƙi.

Ke kuma ga abin da za ki yi. Kada ki sake zuwa ke kaɗai. Ki nemi wakilin Sarkin Zango ko ɗan majalisar unguwarku ya raka ku, da wanda zai yi tafinta idan baƙuwar ba ta jin Hausa sosai. Kafin ku fita, a rubuta sunan kowa da shekarunsa, da sunan ƙauyensu, da watan da suka shigo, da inda suka tsallako. Duk wata takarda da ta tsira da ita a ɗauka, ko katin rigakafin yaro ne. Ku je ofishin shige da fice, ku faɗa a fili cewa mafaka suke nema, kuna so a haɗa ku da Hukumar 'Yan Gudun Hijira. Duk wanda ya tura ku gaba, ki roƙe shi cikin ladabi ya rubuta miki sunan ofishin da lambar waya, ke ma ki rubuta ranar. Ba a biyan ko sisi a kan neman mafaka.

Batun mijinta kuwa ba ya jiran rajista. Wannan aikin Red Cross ne, sun fi shekara 100 suna neman waɗanda yaƙi ya raba da danginsu. Reshensu na Kumasi zai cike takardar nema, ta bi ta hannunsu har ta isa ga 'yan'uwansu na Burkina, su duba sansanoni da garuruwan da mutanen yankin suka watsu. Yakan ɗauki lokaci, wani sa'in amsar ba mai daɗi ba ce, amma na ga matan da aka miƙa wa waya suka ji muryar da suka riga suka yi wa sadakar arba'in. Yaran kuma a kai su makarantar gwamnati tun yanzu, a yi magana da shugaban makaranta. In kin lura uwar ba ta barci, ko wani yaro yana firgita in an buga ƙofa, ko ya koma fitsarin kwance, ki faɗa wa nas a asibiti. Ciwo ne da yaƙi ke bari, kuma ana taimakawa a kansa.

Tambaya: Hajiya, barka da aiki. Ni ne ma'ajin wani masallaci a Nima. Mun tara sadaka da zakka domin 'yan'uwanmu da suka gudo daga Burkina, amma kwamiti ya rabu biyu. Wasu sun ce a miƙa wa hukumomi, wasu sun ce masu aiki a sansanonin nan ƙungiyoyin coci ne, kada mu haɗa hannu da su. Mene ne shawararki?

*Ma'aji, Nima*

Amsa: Malam, Allah Ya karɓa. Hukuncin zakka na malamai ne, ku kai wa limaminku; abin da na sani shi ne aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci fakirai da miskinai da matafiyin da guzuri ya yanke masa, kuma wanda ya gudo daga yaƙi da kayan jikinsa kaɗai yana cikinsu. UNHCR ma ta buɗe asusun zakka na 'yan gudun hijira a 2019.

Gaskiya ne ƙungiyoyin Kirista sun daɗe suna ɗauke da aikin yau da kullum a sansanonin Gana: Sakatariyar Katolika ta ƙasa, da Majalisar Kiristoci ta Gana, da ADRA ta 'yan Adventist. Sun samu wannan matsayi ne saboda suna da rajista, da littafin kuɗi da za a iya bincika, da ma'aikatan da ke kwana a wurin. Na yi aiki kafaɗa da kafaɗa da su, kuma akwai ƙa'idar da Red Cross da manyan ƙungiyoyi suka rattaba wa hannu a 1994 cewa ba a amfani da agaji don jan mutum zuwa wani addini ko wata siyasa. In kun ga an karya ta, ku kai ƙara. Amma wanda ya tsaya a waje ba zai gani ba, balle ya gyara. Babban Limamin ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, da ya cika shekara 100 a 2019, da ƙafarsa ya shiga cocin Katolika na Christ the King a nan Ankara. Ban ga dalilin da zai hana kwamitinku zama da su a kan maganar rijiya ba.

Shawarata, kada ku sayi komai tukuna. Ku tura mutum biyu su gana da hukumar gwamnati da shugabannin 'yan gudun hijirar da kansu, maza da mata, su tambayi abin da babu. Sau da yawa za ku tarar shinkafa ta zo, abin da ya rage shi ne wanda ba ya cikin kasafin kowa: likkafani da wurin binne mamaci, malamin allo ga yara, ɗan jari ga mace ta fara suya, kuɗin haya ga gidajen da suka sauke baƙi a cikin gari, da matasan da ke jin Fulatanci ko Mosanci su yi tafinta a asibiti. Wannan na ƙarshen ba ya cin kuɗi, kuma na ga an ba mace maganin da ba nata ba saboda babu mai fassara. Ku rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita, ku karanta wa jama'a ranar Juma'a. Ina kuma roƙonku kada a ɗauki hoton fuskar kowa a sa a Facebook. Wasunsu waɗanda suka kore su suna nan da rai, suna da waya.

Tambaya: Gwaggo, wani mutum ya ce in na ba shi sidi 3,000 zai sa sunana cikin 'yan gudun hijirar da za a kai Kanada. Ya ce yana da hanya a ciki. Ni ɗan Gana ne, aiki ne babu. In ba shi?

*Ɗanki, Madina*

Amsa: Kada ka ba shi, ɗana. Damfara ce. Ba a sayen wannan gurbi, ba a ma neman sa da kai. Hukuma ce ke zaɓar waɗanda suka fi shiga haɗari, ƙasar da za ta karɓa ta sake tantancewa, da hira da ɗaukar zanen yatsa, kuma a duk duniya waɗanda ake kaiwa wata ƙasa a shekara ba su kai ɗaya cikin ɗari na 'yan gudun hijira ba. A Buduburam na san mutanen da yaƙi ya kora da gaske, suka ƙi koyon sana'a suna jiran jirgin Amurka, har aka janye wa 'yan Laberiya matsayin gudun hijira a ƙarshen watan Yunin 2012 suna nan zaune, wasu har rusau ɗin da aka yi wa sansanin a 2024 ya same su a wurin. Kai da kake da ƙasa, in aka kama ka da sunan ƙarya, ka ɓata fasfonka, ka kuma ƙara sa a riƙa zargin masu gaskiya irin matar da ke Aboabo. Ka ajiye lambar mutumin da saƙonnin da ya turo maka, ka kai wa 'yan sanda. Kuɗin kuma, in har kana da su, ka sake rubuto mini ka faɗi abin da hannunka ya iya, mu duba inda za ka sa su.